Kafin ka biya kuɗin alucobond, ka duba bakin fallen

Wanda ya san Garwa kafin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da aka buga a farkon 2022, in ya zaga ta yau zai ga fuskar gari ta sauya. Bankuna, gidajen mai, shagunan magani, wuraren sayar da waya, har ƙananan rumfunan tura kuɗi, kowa ya lulluɓe gabansa da wani falle mai santsi da ƙyalli, ja ko shuɗi ko ruwan azurfa. Haka abin yake a Domayo ta Marwa, haka a Kuseri, haka in ka tsallaka gadar Ngeli ka shiga Injamena. Masu aikin alminiyum da masu walda alucobond suke ce masa, mu ma masu biya a bakinsu muka ɗauki sunan.

Ni ban shiga harkar da shiri ba. Yayana ne ya tashi gyara gaban shagonsa, shi kuma kullum yana kan hanya, sai ya ɗora mini ɗawainiyar sayen kaya. Na shiga kankayari uku, wato shagunan kayan gini, na ji farashi, na tsaya inda ya fi sauƙi. Mai shagon ya buga fallen da tafin hannu ya ce, "Alhaji ƙarami, wannan milimita huɗu ne cif, auna ka gani." Na auna, huɗu ne. Aka kafa, aka ɓare ledar da ke kai, 'yan unguwa suka yi ta yi mana sam barka. Bazara biyu kacal ta ratsa shi. Jan ya koɗe ya koma kamar zanen da ya sha wanki da shanya, fuskar ta yi tudu da kwari har in rana ta karkata sai ka ga kamar ruwa ne ke kaɗawa, sannan guguwar farkon damina ta fizge falle guda daga ƙusoshinsa ta maka shi kan babur ɗin maƙwabci. Allah ya kiyaye, ba kowa a wurin.

Wani dattijo mai aikin alminiyum da muka kira ya ɗauki fallen da ya faɗo, ya zaro wuƙar aljihu ya soka a kusurwa, ya kama fatar da yatsu biyu ya ja. Ta taso kamar murfin nan na bakin gwangwanin madarar gari. Ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, roba kuka saya, alminiyum ɗin shafa shi aka yi." Na ce, "Baba, ai na auna, huɗu ne." Ya ce, "Huɗu ne mana. Wa ya ce ƙarya aka yi maka? Abin tambaya ne ba ka tambaya ba."

Abin tambayar yana bakin fallen. In ka dube shi ta gefe za ka ga hawa uku ne: fatar alminiyum a sama, fatar alminiyum a ƙasa, roba a tsakiya, an manne su da zafi da matsi tun daga masana'anta, sannan aka yi wa fuskar waje fenti. Daga Turai dabarar ta fito. Kamfanin Alusuisse ne ya fara kawo shi kasuwa a 1969 da sunan Alucobond, ana yin sa a garin Singen na Jamus, kuma har yau akwai mai riƙe da wannan suna, kamfanin 3A Composites. Da wa'adin kariyar ƙirƙirar ya ƙare, masana'antu suka bazu a duniya, sunan ya zama gama-gari yadda muke ce wa kowane garin wanki omo, kowane dunƙulen miya magi. Mafi yawan abin da ke kasuwanninmu ba na wancan kamfani ba ne. Daga China yake fitowa, wani daga Daular Larabawa, wani daga Turkiyya ko Indiya. Wannan kuwa ba aibu ba ne. Masana'anta guda a Foshan ko Linyi tana iya buga maka mai kyau na nuna wa sa'a, tana iya buga maka na banza, gwargwadon abin da ɗan kasuwa ya ce a yi masa da kuɗin da ya ajiye. Don haka in aka ce maka "na Dubai ne" ko "na China ne", ba a gaya maka komai ba tukuna. A takardun ciniki da haruffan ACP ko ACM ake rubuta shi, kuma su ya kamata ka yi amfani da su in kana magana da masu sayarwa na waje, don in ka ce alminiyum mai haɗe da roba kawai, wani zai ɗauka ledar naɗe kaya kake nufi, irin wadda ake ƙulla kofi da garin madara a ciki.

Abin da ya sa magina ke son sa a fili yake. Falle mai milimita 4 wanda kowace fata tasa ta kai rabin milimita, nauyinsa kusan kilo 5.5 ne a murabba'in mita, alhali alminiyum zalla mai irin wannan tauri sai ya haura milimita 3 a kauri, ya kusan kilo 9. Ga sauƙin yanka, ga sauƙin lanƙwasa, ga fuska shimfiɗaɗɗiya da ke rufe aibun bango.

Amma duk wannan ƙarfi a fatun nan biyu yake. Robar tsakiya ba ta da wani aiki illa ta nisanta su da juna. Fatar da aka yi domin bangon waje milimita 0.5 ce, wasu sun yarda da 0.4 ga ƙaramin gini. Ta 0.3 ta allon talla ce da adon cikin ɗaki. Daga nan sai a yi ta gangarowa, 0.21, 0.18, 0.15, har ƙasa da haka, kuma dukansu ana iya cika su da roba su kai milimita huɗu. Lissafin ba wuya. Alminiyum mai kaurin milimita ɗaya kilo 2.7 yake yi a murabba'in mita. Fallen da aka saba sayarwa mita 1.22 ne a 2.44, wato saura ƙiris ya cika murabba'in mita uku. Mai fata 0.5 yana ɗauke da kusan kilo 8 na alminiyum, mai 0.18 bai cika kilo 3 ba. Alminiyum shi ne mai tsada a cikin haɗin, to ka ga inda rangwamen da na yi murna da shi ya fito: kilo biyar aka cire mini a kowane falle.

Yadda za ka gane shi ne ka nemi guntu, ko ka biya kuɗin falle guda a yanka a gabanka. Ka ɓare fatar, ka kankare fentin da gam ɗin da ke manne, ka auna ta ita kaɗai da ma'aunin kauri mai lamba, irin wanda masu gyaran injin mota ke riƙewa. Kankarewar tana da muhimmanci domin wasu masu sayarwa suna haɗa kaurin fenti cikin lambar da suke faɗa. Kada ka dogara da sikeli. Da na ɗauka nauyi zai tona asiri, ashe akwai masu cakuɗa robar da garin farin dutse, falle ya yi nauyi a hannu alhali fatarsa ba ta da kirki. Ka kuma juya bayansa. Masana'antar da ta san mutuncin kanta takan buga lambar rukuni da ranar da aka yi shi a jikin alminiyum ɗin kansa. Rubutun da ke kan ledar fuska kuwa, kowa na iya sa a buga masa abin da ya ga dama.

Sai robar tsakiya, kuma nan ne maganar ta wuce ta asarar kuɗi.

Robar da aka fi sawa ita ce foliyetilin, dangin ledar da muke ƙulla kaya, daga man fetur ake samo ta. In ta kama, zafin da kilo ɗaya nata ke fitarwa ya yi kusa da na kilo ɗaya na fetur. A falle mai milimita huɗu akwai robar da ta kai milimita uku ko fiye, kusan kilo uku a murabba'in mita, wanda in ka juya shi zuwa fetur ya haura lita uku. Falle guda ke nan ya haura lita goma. Gaban shago mai falle ashirin, ka ƙaddara duro guda na zuwa-zuwa, fetur ɗin nan na bakin titi, aka shimfiɗa a bango. Gaskiya ne ba ta kamawa da ƙyastu ɗaya kamar fetur, fatar alminiyum na kare ta na ɗan lokaci. Amma robar tana narkewa tun zafi bai wuce digiri 130 ba, alminiyum kuma a digiri 660, wutar gini kuwa ta fi haka. Da zarar wuta ta samu bakin da aka yanka ko tsagar lanƙwasa, sai fatar ta ɓare, robar ta riƙa ɗiga tana ci, tana kunna abin da ke ƙasa, ratar da ke tsakanin falle da bango kuma ta zama bututun da ke jan harshen wuta sama.

Duniya ta ga wannan da idonta. Ranar 14 ga Yunin 2017 wuta ta tashi daga firji a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24 a yammacin Landan. Cikin kimanin rabin sa'a ta bi jikin bangon ta kai ƙololuwa, mutum 72 suka rasu. Kwamitin binciken da gwamnatin Birtaniya ta kafa ya tabbatar cewa irin wannan falle mai robar foliyetilin shi ne babban abin da ya yaɗa wutar, kuma a 2018 Ingila ta hana sa kayan da ke cin wuta a bangon dogayen gidajen kwana da suka haura mita 18. Kafin nan, a daren 31 ga Disambar 2015, otal ɗin Address Downtown na Dubai ya kama ta jikin bango ana shirin bikin shiga sabuwar shekara. A Fabrairun 2024 ma wani benen zama a Balensiya ta Sifen ya ƙone, mutum goma suka mutu.

Wani zai ce ai mu ba mu da bene mai hawa ashirin. Haka ne. Amma a dubi yadda muke gini. Shago a ƙasa, iyali a sama, matakala guda ɗaya da ke fitowa ta gaban ginin, tagogi duk an dame su da ƙarfe saboda ɓarayi. A bayan fallen nan ake cusa wayoyin fitilun talla, sau da yawa an haɗa su da salatif kawai, a garin da wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. A gindinsa janareta ke aiki. Taku biyar daga nan mai shayi ne da murhunsa, ko mai tsire, ko yaro mai kwalaben mai. Ba sai gini ya yi tsawo ba kafin hayaƙin roba ya toshe wa mace da 'ya'yanta hanyar saukowa. Wannan ne ya fi damuna a duk lamarin, kuma ban taɓa jin mai saye ko mai sayarwa ya ɗago shi da kansa ba.

Akwai mafita, domin robar iri uku ce. Mai alamar PE ita ce zallar roba. Mai alamar FR an cika kusan kashi 70 cikin ɗari nata da garin ma'adini mai hana wuta ci. Mai alamar A2 ma'adinin ya kai kashi 90 ko fiye, kusan ba abin da wuta za ta ci a ciki. FR ya fi nauyi, mai milimita huɗu yakan kai kilo 7.6 a murabba'in mita, ya fi tsada, kuma cikinsa yawanci fari ne ko toka-toka mai haske, na PE kuwa yawanci baƙi. Launi dai ba hujja ba ne. Hujjar hannu ita ce ka ɗauki guntu ka fita fili ka kara masa wutar laita: zallar roba za ta narke tana ɗiga, ta ci gaba da ci da warin kyandir ko ka janye wutar, FR kuwa zai yi baƙi ya mutu. Hujjar takarda kuma ita ce shaidar gwaji bisa ma'aunin Turai EN 13501-1, inda za ka ga an rubuta B-s1,d0 ko A2-s1,d0. A kankayarin da na zaga ban tarar da FR a jingine ba, sai dai a yi maka oda. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: asibiti, makaranta, otal, gidan mai, da duk benen da mutane ke kwana a sama, ko a sa FR ko A2, ko a haƙura a yi filasta mai kyau da fenti. Filasta ba ta taɓa ƙona kowa ba.

Fenti shi ne na uku, kuma akwai wani ruɗani a nan da ke cin mutane. Haruffan PE ɗin nan ana kuma amfani da su ga fentin foliyesta, don haka sai ka tambaya, na ciki ake nufi ko na fuska? Foliyesta fentin cikin ɗaki ne. Wanda aka yi domin rana shi ne PVDF, musamman mai kashi 70 na sinadarin da ake sayarwa da sunan Kynar 500 ko Hylar 5000. A Turai bambancin yakan ɗauki shekaru kafin ya fito, amma a Garwa, inda Maris da Afrilu ke haura digiri 40 kuma hunturu ke goge bango da ƙura wata da watanni, ba ya jira. Suna sabbi ido ba ya rarrabe su, sai dai akwai alama guda: PVDF ba ya yin ƙyallin madubi, sheƙinsa a kwance yake. Wanda ke walƙiya har ka ga fuskarka a ciki, wanda shi ne ya fi jan hankalinmu a shago, yawanci foliyesta ne. Ja da shuɗi mai kauri su ke fara koɗewa, fari da ruwan azurfa su ke daɗewa, kuma su ne ba sa tara zafi.

To, a ina za a samo? Mu mutanen arewacin Kamaru da Chadi hanya uku gare mu, kowace da halinta.

Ta farko Duwala, inda manyan masu shigo da kaya suke. Kaya na hawa jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, ko su taho a tirela tun daga can, su gangara dutsen Mbe, su bi babbar hanya zuwa Garwa da Marwa, su ratsa Mora da Dabanga zuwa Kuseri. Daga Duwala zuwa Injamena kusan kilomita 1,800 ne, kuma wanda ya bi tsakanin Mora da Kuseri da damina ya san abin da hanya ke yi wa kaya. Mutanen kudancin Chadi sun fi bi ta Tuboro zuwa Mundu. Amfanin Duwala shi ne zaɓi ya fi yawa, kana iya samun mai fata 0.4 ko 0.5 da PVDF, kuma za ka samu faktir na gaskiya, wato takardar shaidar sayen kaya, mai harajin ciniki na TVA, kashi 19.25 a Kamaru. In aikin na gwamnati ne ko na wata ƙungiya, wannan takarda dole ce.

Ta biyu Najeriya, wadda ita ce hanyar da ƙafarmu ta saba. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko unguwar masu alminiyum ta Dopemu a Legas, sannan kaya su shigo ta Yola zuwa Garwa, ko ta Mubi zuwa Gidar, ko daga Maiduguri ta Banki da Amcide zuwa Mora, ko ta Gamboru da Fotokol zuwa Kuseri. Waɗannan biyun na ƙarshe rikicin Boko Haram ya rufe su shekaru, kuma har yanzu sai an tambayi halin hanya kafin a ɗora kaya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi, mai sefa a hannu ya samu ƙarfi a kasuwar Najeriya, domin sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya. Ga harshe ɗaya, ga 'yan uwa da za su je su duba maka. Sai dai a tuna abu biyu. Siririyar fatar nan ta cika can ma, ɗan uwan da ka aika kuma in bai san ya duba baki ba, abin da ya same ni zai same shi. Na biyu, Najeriya ba ta cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin da Kamaru da Chadi ke ciki, don haka kayanta na biyan duwan, wato kuɗin kwastan. Gara ka bayyana su ka karɓi takardar biya, da a tsare maka falle talatin a shinge suna gasuwa a rana ana ciniki.

Ta uku ita ce ka yi oda kai tsaye daga masana'anta. Wannan ta masu babban aiki ce, domin kwantena ƙarama tana ɗaukar fiye da falle dubu, masana'anta kuma ba ta kunna inji don launi guda sai ka sayi ɗaruruwan murabba'in mita. Za ka jira watanni, za ka buƙaci tiranzite, wato mai fito maka da kaya daga tashar jirgin ruwa, a Duwala ko Kiribi, da takardar bin sawun kaya ta BESC, da shaidar ingancin kaya ta shirin PECAE na ANOR, hukumar ingancin kaya ta Kamaru, in kayan sun faɗa cikin jerinta, sannan kuɗin duwan bisa matakan CEMAC da ke tsakanin kashi 5 zuwa 30. Amma ita ce hanyar da za ka ce ga abin da nake so a yi maka shi. Da 'yan kwangila huɗu ko biyar na gari ɗaya za su haɗa kai su yi odar FR fari da ruwan azurfa, da sun wadata kansu har su sayar wa wasu. Sharaɗi dai shi ne komai ya shiga takardar ciniki da lamba: kaurin falle, kaurin kowace fata ba tare da fenti ba, irin ciki, irin fenti. A turo guntu ka gwada kafin ka tura kuɗi, wani naka kuma ya auna kafin a rufe kwantena.

Duk sanda na zo nan a lissafi sai raina ya sosu. Kamaru tana narka alminiyum a Edeya tun 1957, a masana'antar Alucam da ke shan wutar kogin Sanaga, daga nan kwanon rufinmu da tukwanenmu da yawa suka fito. A nan Adamawa ta Kamaru, wajen Minim da Martap da Ngawundal, ƙasar da ake tace alminiyum daga cikinta jibge take. Amma fallen da za mu rufe gaban shago sai ya ƙetaro teku, ya ci wata guda a tasha, ya sha kilomita dubu da ɗoriya a mota.

Yawan da za ka saya ma yana da tarko. Ɗauki gaban shago mai faɗin mita 12 da tsayin mita 4, murabba'in mita 48 ke nan. In ka raba da girman falle za ka samu goma sha shida da ɗan ɗori, sai ka ce goma sha bakwai sun isa. Ba za su isa ba. Kowane yanki ana lanƙwasa bakinsa santimita biyu ko uku ta kowane gefe, ga ƙofa da taga da ke barin guntayen da ba su da amfani. Goma sha tara ko ashirin za ka nema. Mafi kyau, mai kafawa ya zana bangon a takarda ya nuna inda kowane yanki zai zauna kafin a sayi ko ɗaya. Kuma a saye su lokaci guda daga rukuni guda, domin launi ɗaya daga rukuni biyu yakan bambanta, ba ka gani a shago sai an kafa rana ta haska. A kan ledar fuska akwai kibiyoyi. Duk yankan su kalli gefe guda, musamman ruwan azurfa, in ba haka ba bango zai fito kamar an yi masa faci.

Ɗauko su kuwa, a kwance, kan katako, fuska na kallon fuska, kusurwoyi a naɗe da kwali. Na ga an ɗaure falle a kan buhunan albasa a saman mota, igiya ta nutse a baki, kuma lanƙwasar da ta shiga alminiyum ba ta fita. Kada a ja ɗaya a kan ɗaya, ƙwayar yashi guda tana tsaga fenti daga wannan baki zuwa wancan. A ajiye a inuwa. Ledar fuskar nan in rana ta gasa ta, gam ɗinta na kama fenti ya ƙi fita, saboda haka ana gama kafawa a ɓare ta, kada a bar ta wai sai ranar buɗe shago.

Ko ka sayi mafi kyau, mai kafawa na iya lalata shi, kuma rabin tudu da kwarin da na gani a bangon yayana daga nan ne. Alminiyum na miƙewa da zafi, milimita 2.4 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri 100. Falle mai duhu da rana ta buga yakan kai digiri 70 ko fiye, da asubar hunturu kuma ya sauko ƙasa da 20. A tsawon mita 2.44 motsin ya kai milimita uku. In aka ɗaure shi tam da ribit a rami daidai wa daida, aka manna wannan da wancan ba rata, ba inda zai je sai ya kumbura. Ramin ya ɗan fi ƙusar faɗi, a bar rata tsakanin yanka da yanka, a cike ta da silikon na waje, ba mai warin tsami irin na gilashi ba. Lanƙwasa kuma da injin tsaga ake yi ta baya, a bar 'yar roba siririya a kan fatar fuska. Wanda ya tsaga da abin yankan ƙarfe ya ci har cikin fatar, wurin zai tsage ko ba daɗe. Firam ɗin baƙin ƙarfe a yi masa fentin hana tsatsa kafin a ɗora, ƙusoshi su zama na alminiyum ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma a ƙara su a kusurwoyi da saman gini, inda guguwar Mayu ke fara sa hannu. Wayar wuta duk ta bi cikin bututu, mahaɗarta a cikin akwati, a inda za a iya buɗewa a duba.

Da muka tashi sake aikin, yayana ya ce, "Ƙanena, wannan karon kai ka san abin da za ka yi." Hawan sama inda iyalinsa suke muka kware shi gaba ɗaya, aka yi filasta da fenti. Falle muka bar shi ga allon sunan shago kawai da ginshiƙai biyu na ƙasa, nesa da bakin matakala. Na rubuta a takarda na kai wa wani mai kankayari: milimita 4, fata 0.5 kowane gefe, ciki FR, fenti PVDF, ruwan azurfa, falle takwas daga rukuni ɗaya. Ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan sai na buga Duwala." Ya buga a gabana, muka jira mako uku, kuɗin kowane falle ya kusan ninka na farko. Da suka iso dattijon nan ya yanki kusurwar ɗaya, muka auna fatar, muka fita bayan shago muka kara mata wuta, ta yi baƙi ta mutu. Guntun yana cikin durowar shago tare da faktir, da lambar rukunin da na kwafo daga bayansa, saboda ranar da za a buƙaci ƙari.